Daga Dantata zuwa 'Yar'adua: ina manyanmu suka samo sunayensu na ƙarshe?

Duk wanda ya taɓa kai yaro makaranta a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya san abin da ake fara tambaya da zarar an miƙo fom: mene ne surname ɗin yaron? Bayarabe ko ɗan ƙabilar Ibo ko ɗaga kai ba ya yi, ya rubuta sunan gidansu, sunan da ubansa ya yi amfani da shi, kakansa ma haka. Namu kuwa sai ka ga ya tsaya yana lissafi. Ya sa sunansa ne, shi uban? Ya sa na kakan yaron? Ko ya sa sunan garinsu? Kowanne ya sa bai yi ƙarya ba, kuma nan ne matsalar take, domin bana zai iya sa wannan, baɗi matarsa ta je asibiti ta sa wancan.

Gaskiyar magana ita ce Bahaushe bai taso da sunan dangi guda ɗaya da ake gadonsa daga kaka zuwa jika ba. Sunan yanka shi ne suna. In ana son a bambanta ka da wani mai irin sunanka, sai a jingina ka da ubanka, ko garinku, ko sana'arka, ko wani abu da aka san ka da shi: Audu na Malam Iro, Audu Bichi, Audu mai goro, Audu Dogo. Shi ya sa sunan da muke sawa a ƙarshe yake tafiya da zamani. Musa ɗan Ibrahim shi ne Musa Ibrahim, ɗansa Kabiru ya zama Kabiru Musa, jikan kuma ya zama wane Kabiru. Kafin a kai ga tattaɓa-kunne sunan Ibrahim ya ɓace daga takarda gaba ɗaya. Wannan tsari ya dace da abin da addini ya koyar a Suratul Ahzab, cewa a danganta mutum da mahaifinsa. Turawa ne suka zo da akwatin da dole sai an cika shi da suna guda da ba ya canzawa.

A duba sunan Abubakar. Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1998 zuwa 1999 ya miƙa wa farar hula, mutumin Minna ne. Atiku Abubakar, wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa a ranar da aka miƙa mulkin, mutumin Jada ne a jihar Adamawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar kuma ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na uku ne, wanda ya yi shekara hamsin a kan karaga, daga 1938 zuwa 1988. Mutum uku, jiha uku, gida uku, suna ɗaya. Wanda bai san mu ba zai iya ɗauka 'yan gida ɗaya ne suka rarraba muƙamai a tsakaninsu, alhali abin da ya haɗa su kawai shi ne ana yawan sa wa yara sunan Sayyidina Abubakar. A ɗaya gefen kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a Abuja a watan Oktoban 2006, uba ɗaya suke da Sa'ad Abubakar ɗin da ya gaje shi, amma duniya ta san shi da Maccido ne. Maccido a Fulatanci bawa ke nan. Irin sunan da ake laƙaba wa yaron da aka haifa bayan an sha binne 'ya'ya ne, kamar yadda Hausawa ke cewa Bawa ko Ajuji ko Ayashe, wai a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya tsaya.

Shi kansa sunan Abubakar ya yi rassa. Bahaushe ya ce Habu ko Garba, Bafulatani ya ce Buba, Babarbare ya ce Bukar, Bayarabe kuma ya mai da shi Bakare. Fasto Tunde Bakare da ya yi wa Buhari takarar mataimaki a 2011, sunan nan da yake ɗauke da shi Abubakar ne, don a gidan Musulmi aka haife shi. Haka Lawal da Sanni da Salisu da Bello duk sun zauna daram a gidajen Yarabawa. Don haka in ka ga an rubuta Bello a jikin ƙofar ofis a Ikeja, kada ka shiga da "sannu da aiki" kana murna ka samu ɗan gida, mai yiwuwa mutumin Epe ne ko Iwo. Yahaya Bello da ya yi gwamnan Kogi ma ai Igbira ne.

Sunan gari kuwa makarantar boko da aikin soja ne suka fi kafa shi. Ka ɗauki Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, ana tattaro yara daga duk lardunan Arewa. Aji guda sai a samu Muhammadu biyar, Abubakar huɗu, Ahmadu uku. Malami ba shi da wata dabara da ta wuce ya kira kowa da garin da ya fito. Sardauna a can Ahmadu Rabah ake ce masa, saboda a Rabah aka haife shi, inda mahaifinsa Ibrahim yake hakimi. Daga baya ne ya koma Ahmadu Bello, ya ɗauko sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda shi ne kakan mahaifinsa. Wannan ba ƙaramin zaɓi ba ne ga mutumin da ya nemi sarautar Sarkin Musulmi: sunan Rabah yana nuna ƙauye ne kawai, sunan Bello kuwa yana nuna jini. Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa shi bai canza ba. Mahaifinsa Yakubu ne, Tafawa Balewa kuma gari ne a ƙasar Bauchi, ana cewa sunan daga Fulatanci ya samo asali, ma'anarsa baƙin dutse. Yau duk direban da ke ɗaukar fasinja zuwa Tafawa Balewa Square a tsibirin Legas sunan wani gari na Bauchi yake kira da ƙarfi, ko ya sani ko bai sani ba.

Shehu Shagari sunansa Shehu Usman Aliyu, Shagari garinsu ne a Sakkwato. Malam Aminu Kano mahaifinsa Malam Yusufu ne. Abubakar Rimi, Sa'adu Zungur, Kwankwaso, Ganduje, Tambuwal, Wamakko, Bafarawa, duk garuruwa ne da mutum zai iya hawa mota ya je. Janar Aliyu Mohammed Gusau kuwa soja ne suka ƙara masa Gusau ɗin don a raba shi da wani hafsa mai suna Aliyu Mohammed. Wasu ma ba gari ba ne, unguwa ce: Yakasai ɗin da ke jikin sunan Tanko Yakasai unguwa ce a cikin birnin Kano.

'Yar'adua ma haka take, unguwa ce a birnin Katsina, aduwa kuma itaciyar nan ce mai ƙaya da muke tsotsar 'ya'yanta muna yara. Amma a nan sunan unguwa ya rikiɗe ya zama sunan gida na sosai, kuma labarinsa ya ratsa ta Legas. Musa 'Yar'adua, Mutawallin Katsina, shi ne ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko, lokacin da Legas take babban birnin tarayya, har yau akwai titi mai sunansa a Victoria Island. Ɗansa Shehu Musa 'Yar'adua ya zama na biyu a gwamnatin soja ta Obasanjo daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a gidan yarin Abakaliki a watan Disamban 1997. Ƙanensa Umaru Musa 'Yar'adua ya zama shugaban ƙasa a 2007, ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010. Ka lura da yadda suka jera sunan: na yanka, na uba, sannan na unguwa. A ganina wannan jeri ya fi kowanne dacewa da mu, don ya bai wa addini haƙƙinsa, ya kuma bai wa fom abin da yake nema.

Sai dai ba kowane mai sunan gari ne ɗan gidan babban mutumin da aka sani da sunan ba. Duk ɗan Shagari yana da ikon ya sa Shagari, ko da mahaifinsa bai taɓa shiga zauren tsohon shugaban ƙasa ba. Na faɗi haka ne saboda a kasuwannin kudu ana samun masu cin bashi da sunan manya, su ce ai ka ji sunana, gidanmu ɗaya da wane. A tambayi sunan uba da na kaka tukuna kafin a ba da kaya.

Akwai kuma sunayen lissafi. In mutum yana son sunan Manzon Allah har ya sa wa 'ya'yansa maza da yawa Muhammadu, sai a bi su da ƙidaya ta Larabci: Auwalu ko Lawal na fari, Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar, a bi ta kan Sadisu da Sabi'u da Saminu da Tasi'u har Ashiru na goma. Fulani ma suna da nasu, Dikko ɗan fari, Sambo mai bi masa. Kujerar sanatan Kaduna ta tsakiya Shehu Sani ne ya riƙe ta daga 2015 zuwa 2019, Uba Sani ya karɓa daga hannunsa kafin ya zama gwamna a 2023. Baƙo zai ce wa da ƙane ne suka yi musaya. Mai jin Hausa kuwa ya san Sani na nufin na biyu ne kawai, kuma kusan kowane layi a Tudun Wada akwai Sani. Haka Rabi'un da ke gaban sunan Kwankwaso nasa ne na kansa, wanda ke bayan sunan Abdussamad mai kamfanin BUA kuwa na kakansa ne, mahaifin Khalifa Isyaku Rabi'u.

Na Buhari ya fi ba ni sha'awa. Mahaifin marigayi shugaban ƙasa sunansa Adamu, harɗo ne a ƙasar Daura. Muhammadu Buhari gaba ɗayansa sunan yanka ne, an yi masa takwara da Imamu Buhari mai littafin hadisi, shi kuma an kira shi haka ne saboda garinsu Bukhara, wanda yanzu yake cikin ƙasar Uzbekistan. Ka ga ikon Allah: sunan wani gari a tsakiyar Asiya ya zama sunan malami, ya zama sunan yanka a Daura, yau kuma ya zama sunan gida tunda 'ya'yansa da shi suke amfani. Tijjani da Jilani da Sanusi da Rufa'i da Gazali duk ta wannan hanya suka shigo, sunayen malamai da shehunnai ne da iyaye suka yi sha'awa.

Sunayen sarauta ba sai an daɗe a kansu ba. Waziri, Galadima, Ciroma, Madaki, Turaki, Wali, Alƙali, Liman, Ladan: wani a gidan ya taɓa riƙe muƙamin, 'ya'ya suka ɗauka. Lamiɗo kuma sarki ne a Fulatanci. Babangida da Maitama kuwa sunayen sakayawa ne. Yaron da aka sa wa sunan kakansa ba za a riƙa kwala masa kira da sunan a tsakar gida ba, sai a ce Babangida. Maitama kuma inkiyar Yusufu ce, shi ya sa ake kiran marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule.

Sunan da ya fi kowanne nauyi a harkar kasuwancin Hausawa kuwa ba na uba ba ne, ba na gari ba ne, ba na sarauta ba ne. An haifi Alhassan Dantata a Bebeji a 1877, a gidan Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro. Mahaifiyarsa, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa da ake kira Tata. Ita ta rene shi, mutanen gari suka riƙa ce masa ɗan Tata, sunan ya bi shi har kabari. Ya yi almajiranci, ya bi ayari a ƙasa har Ankara wurin mahaifiyarsa, ya dawo ya kama fatauci. Yana cikin waɗanda suka fara gane cewa maimakon a yi wata da watanni ana kora jakuna, ana iya loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana a sauke a Ikko, daga nan a yi arewa da shi. Wato hanyar da iyayenmu suke bi yau, kaya su sauka kudu wasu su hau arewa, yana cikin waɗanda suka share ta. Da jirgin ƙasa ya isa Kano, Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, ya zama babban mai saya wa kamfaninsu, dalar gyaɗar Kano da ake nunawa a hotuna da shi aka san ta. Ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, a kan raƙuma ashirin aka kai kuɗinsa na azurfa. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

'Ya'yansa ba su koma Abdullahi ba, ba su tsaya a Alhassan kaɗai ba, sun riƙe Dantata: Sanusi Dantata da ya rasu a 1997, Aminu Dantata da ya rasu a watan Yunin 2025 aka binne shi a Madina. Yau sunan yana jikin kamfanoni da tituna da masallatai. Matar da ba ta da 'yancin kanta, wadda ba ta bar gona ko gida ba, sunanta ne attajirai ke sa hannu da shi a takardun banki. Ni dai ban san wata karramawa da aka yi wa mai reno a ƙasar Hausa da ta kai wannan ba, ko da yake ba da niyya aka yi ta ba, bakin mutane ne ya yi.

Aliko Dangote kuma jinin gidan ne ta wajen uwa: mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Sanusi Dantata ce. Mai matatar man da ke Lekki tattaɓa-kunnen ɗan Tata ne, amma ba za ka ga haka a sunansa ba. Masu suna ɗaya ba su haɗa komai ba, masu jini ɗaya kuma kowa da nasa sunan. In Bayarabe abokin cinikinka ya ce sunayenmu suna rikita shi, yana da hujja.

Mu 'yan kara muna da namu abin tunawa a nan. Magajin garin Enugu na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga lardin Sakkwato, kuma fataucin shanu ne ya kai shi can kafin ya shiga jam'iyyar NCNC ta Azikiwe. Altine sunan wanda aka haifa ran Litinin ne, ɗan'uwan Ɗanladi da Ɗantala da Balarabe da Ɗanlami da Ɗanjuma da Ɗan'asabe. Irin waɗannan sunaye sun tsallaka har wajen waɗanda ba Hausawa ba, Janar Theophilus Danjuma ai Jukun ne daga Takum. A Ilori kuma abin ya juyo ta ɗaya ɓangaren: Gambari kalma ce da Yarabawa ke kiran Bahaushe da ita, akwai unguwar Gambari a garin, ga shi kuma ta zama sunan gidan sarauta, gidan Sarkin Ilori Ibrahim Sulu-Gambari da Farfesa Ibrahim Gambari.

To, a da duk wannan ba ya cutar da kowa. A Sabo ta Ibadan ko Shagamu, a Agege, a Lokpanta, a Ama Hausa ta Owerri, maigidan da ya sauke ka ya san ubanka, dillali ya san garinku, ko an ce maka Sale Gwandu ko Sale Baƙi ko Sale na Alhaji, kuɗinka zai iso hannunka. Yanzu kwamfuta ce ke tantancewa, ita kuwa ba ta san Sale shi ne Salihu ba. Tun da aka kawo BVN a 2014, aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, hukumar JAMB ma ta wajabta NIN daga 2021, sunan da ke wannan takarda dole ya yi daidai da na waccan, harafi da harafi, a jere iri ɗaya. Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum uku ne a wurinta. Garba Sani da Abubakar Sani ba su ma san juna ba. Yaro ya gama sakandare da Usman Bello Gumel, katin ɗan ƙasa ya fito da Shehu Bello, a nan rajistar jarrabawa za ta tsaya. Mutum ya sayar da shanu tirela guda, kuɗi sun shiga asusu, a ce an dakatar da shi sai ya gyara suna. Gyaran kuwa sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, sau da yawa a buga a jarida, a biya kuɗi, a yi ta sintiri. Wanda ya rasu ya bar kuɗi a banki da sunan da bai yi daidai da na 'ya'yansa ba, magada ne za su sha wahalar tabbatar da cewa ubansu ne.

Mu da ke kudu abin ya fi shafarmu, saboda mai cika mana fom sau da yawa ba ya jin Hausa, abin da kunnensa ya ji shi zai buga. Ɗahiru ya koma Dairu, Haruna ya koma Aruna, Hamisu ya koma Amisu. In ba a duba a wurin ba, haka zai zauna.

Shawarar da zan bayar mai sauƙi ce. Maigida ya zauna ya yanke suna guda da duk 'ya'yansa za su ɗauka a ƙarshe, na ɗakin uwargida da na ɗakin amarya, ya rubuta shi da rubutu ɗaya a takarda ya ajiye, duk mai zuwa asibiti ko makaranta ko wurin rajista ya tafi da ita. A sa sunan yanka, ba na sakayawa ba: in Abubakar aka raɗa, kada a rubuta Garba. Mace ba dole ba ne ta sauya zuwa sunan miji bayan aure, barin na mahaifinta ya fi sauƙi a takarda, ya kuma fi dacewa da addini. Sunan gari yana da amfaninsa ga yaron da aka haifa a Mile 12 ko Fatakwal, domin ranar da zai je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma a gida, sunan zai nuna inda za a fara tambaya. Amma a yi shi da lura, don wanda ya sa Funtua a takardar haihuwa ya bar ta a katin ɗan ƙasa ya riga ya raba yaronsa gida biyu. In yaro yana aji biyar na sakandare, a ɗauko takardar haihuwarsa da katin NIN da rajistar makaranta a jera su a kan tabarma a karanta harafi da harafi tun yanzu, kafin lokacin cika fom ɗin jarrabawa ya zo.